Martani: Kafin a Kori Maza Daga Ɗakin Haihuwa

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, wanda nake ganin girmansa, zan kira shi Malam, ya yi dogon rubutu yana kira da a raba maza da aikin likitancin mata a asibitocinmu. Hujjojinsa uku ne, in na fahimce shi daidai. Ta farko, addini da al'ada ba su yarda namiji ya ga tsiraicin matar da ba tasa ba. Ta biyu, haihuwa ba ciwo ba ce, iyaye da kakanni sun haife mu a ɗaka a hannun ungozoma, ba su san wani likita ba, kuma ga mu nan garau. Ta uku, tunda hukuma ba ta da niyyar gyara, to magidanta su ɗauki mataki da kansu, kowa ya hana matarsa shiga gaban likita namiji, ko da kuwa za a juyo da ita gida.

Ba don ta ukun nan ba, da na ja bakina na yi shiru. Biyun farko ra'ayi ne, a tattauna a watse. Ta uku kuwa umarni ne, kuma akwai wanda zai bi shi da tsakar dare a ƙofar asibiti, matarsa na kwance a bayan a-kori-kura, zaninta ya jiƙe.

Ni mace ce, na haihu, saboda haka ba sai an karanta mini babin kunya ba. Babu macen da ke murna in ta hau gadon awo ta ɗaga kai ta ga namiji ne ke sa safar hannu. In da za a jera mana likitoci biyu masu ilimi ɗaya, mace da namiji, a ce mu zaɓa, galibinmu wurin 'yar'uwarmu za mu nufa. A nan ni da Malam bakinmu ɗaya. Inda muka rabu shi ne, shi yana magana kamar likitocin biyu suna tsaye suna jiranmu. A yawancin asibitocin ƙananan hukumomi ɗaya ne ke nan, in ma an dace akwai shi, kuma namiji ne.

Bari in fara da batun kakanni, don shi ya fi shiga zuciyar mai karatu. Gaskiya ne an haife mu a ɗaka kuma mun rayu. Sai dai mu da muka rayu mu ne ke ba da labari, waɗanda suka tafi ba sa rubutu a jarida. Malam ya je ya zauna da kowace tsohuwa a danginsu, ya ce ta lissafa masa ƙawayenta na 'yanmatanci da haihuwa ta ɗauke. Ba za ta yi dogon tunani ba. Za ta kira wadda ta tafi da cikin fari, da wadda mabiyiya ta ƙi faɗowa, da wadda ta kwana uku a durƙushe. Kakannin nan da yake kafa hujja da su, su ne suka ce mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya ɗaya tana lahira. Ba su faɗa don jin daɗin baki ba.

Kuma ba zancen tsofaffi kaɗai ba ne, an rubuta shi tun da jimawa. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, mutuwa ta fi yin ɓarna a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai da abu ya gagara a gida aka kwaso su ranga-ranga. Shekara arba'in ke nan, kuma har yau hoton bai sauya sosai ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna a Arewa maso Yamma ko mace ɗaya cikin biyar ba ta haihuwa a asibiti. Wato tsarin da Malam ke marmarin a koma masa, ai a cikinsa muke. Ba mu taɓa fita ba. Kuma inda aka fi riƙo da shi, nan aka fi yin jana'izar masu jego.

Akwai wani ruɗani a rubutun nasa da ya kamata a warware. Ya ɗauka duk macen da ta taka asibiti da ciki, namiji ne zai karɓi haihuwarta. Wanda ya taɓa zama a benci a ƙofar ɗakin haihuwa ya san ba haka abin yake ba. Ranar awo, nas ce ke gwada hawan jini, ta auna tsayin ciki, ta saurari bugun zuciyar jariri, ta ba da maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro. Ranar naƙuda, ungozomar asibiti ce ke tsaye a kanki daga farko har ta yanke cibiya, kuma a Arewa kusan dukansu mata ne. Mafi yawan masu haihuwa suna shiga su fito da jaririnsu ba su ga fuskar likita ba. Ba a kiransa sai abu ya karkace. Masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 15 cikin 100 na masu ciki za su gamu da matsalar da ke iya kai su kushewa, kuma ba a iya nuna su da yatsa tun da wuri a ce wance ce da wance. Domin waɗannan aka yi likitan mata. Saboda haka in aka ce a hana shi shiga, ba masu haihuwa lafiya aka raba da shi ba, su dama ba su neme shi ba. An raba shi ne da wadda ba ta da kowa bayan Allah sai shi.

Ga yadda karkacewar take. Yarinya ce ƙugunta bai gama buɗewa ba, ko kuma jariri ya zo a gicciye. Mahaifa tana matsowa, kan yaro ya sauko ya cije a ƙashi, ba gaba ba baya. Tsakanin kan nan da ƙashin akwai naman mafitsara, ya matse, jini ya daina kai masa. A gida ana ta ba ta rubutu da jiƙo, ana cewa ta daure ta yi nishi, wata tsohuwar ma ta ɗauko reza ta yi mata yankan gishiri wai don hanya ta buɗe. Kwana ɗaya, kwana biyu. Yaron ya mutu a ciki. In ita ta tsira, bayan 'yan kwanaki naman da ya mutu ya zube, ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da gaba, fitsari ya riƙa bin ƙafarta dare da rana. Yoyon fitsari ke nan. In kuwa mahaifar ce ta fashe, ba a ma kai ga wannan. Duk wannan, tiyatar ciro jariri da ba ta cika kai awa guda ba ita ke hana shi, in an yi ta a kan lokaci. Ungozomar gargajiya, komai ƙwarewarta da tsoron Allahnta, ba za ta iya ba. Ungozomar asibiti ma ba aikinta ba ne. Aikinta ta gane da wuri cewa wannan naƙuda ta ƙi ci gaba, ta aika a kira mai wuƙa.

Haka zubar jini bayan haihuwa, wanda ke iya gamawa da lafiyayyar mace cikin awa biyu. Haka jijjiga, wadda har yau a wasu gidaje ake cewa iska ce a kama turare, alhali hawan jinin ciki ne. Haka cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini ya taru a ciki ba a gani, mace tana cewa mararta ce ke ciwo har ta sume. Ban ma shiga ƙarin mahaifa ba, da sankarar bakin mahaifa, da matsalar rashin haihuwa wadda ake ɗora wa mace ita kaɗai har sai likita ya ce a kawo maigidan shi ma a gwada shi.

Malam ya yi magana a kan likitocin mata maza kamar wasu 'yan leƙen asiri da suka zaɓi fannin don biyan buƙatar ido. Wannan ta yi mini zafi, domin akwai mutanen da Arewa ba za ta iya biyansu ba. Dakta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya zo Babbar Ruga a Katsina a farkon shekarun 1980, ya tarar da matan da mazajensu suka sake su saboda zarni, danginsu suka ware musu kwano da tabarma. Ya shafe shekaru yana ɗinke su, dubbai, a Katsina da Kano da sauran garuruwa, ya kuma koyar da likitocinmu aikin. Babbar Ruga yau cibiya ce ta ƙasa ta wannan aiki. A je a tambayi matar da ta shekara biyar tana zaune a kan tsumma, ta tashi wata safiya ta ga shimfiɗarta a bushe, a ce mata hannun da ya gyara ta bai halatta ba. Ina mazan da suka yi kishin tsiraicinta a lokacin da take naƙuda? Da yawansu ba su ko bi ta asibitin da kwanon abinci ba.

A Kano kuma, daga 2008, an shigar da allurar magnesium sulphate a asibitoci 10 na jiha domin masu jijjiga, aikin da Dakta Jamilu Tukur na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin jagororinsa. Kafin nan, wajen ɗaya cikin biyar na matan da ciwon ya kama suna mutuwa. Bayan an horar da likitoci da ungozomomi, adadin ya sauko zuwa wajen biyu cikin ɗari. A lura da yadda aikin ya tafi: ƙwararre ya koyar, ungozoma mace ta riƙe allurar. Haka fannin yake tafiya, ba kamar yadda Malam ya zana shi ba.

To, addini fa? A nan na yi mamakin Malam, domin malamai ba su bar wannan mas'ala a buɗe ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Brunei a 1993 ta fitar da matsaya a kanta, ta jera abin daki-daki: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace wadda ba Musulma ba amintacciya, in babu sai namiji Musulmi amintacce, in babu sai namiji wanda ba Musulmi ba. Ta sa sharaɗi kada ya buɗe fiye da inda larura ta kai, kuma a samu muharrami ko miji ko wata amintacciyar mace a wurin don kada a keɓe. Babu inda aka ce in ba a samu mace ba a mayar da marar lafiya gida. Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, larura ta sa jinsi ya yi jinyar jinsi: Rufaida ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Malam ya ɗauki matakin farko na fatawar ya yi ta nanatawa, ya haɗiye sauran ukun. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Hausawa ma sun gama magana.

Yanzu mu zo kan abin da nake ganin shi ne zuciyar zancen, wanda rubutun nasa bai ko waiwaya ba. Daga ina likita mace take fitowa? Sai yarinya ta gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya. Ta yi shekara shida a makarantar likita. Ta yi shekarar koyon aiki, ta yi ta hidimar ƙasa. Sannan ta shiga horon ƙwarewa, shekara biyar ko shida in jarrabawa ba ta mayar da ita baya ba, tana kwana a asibiti, tana barin 'ya'yanta da zazzaɓi ta je ta tsaya a kan 'ya'yan wasu. Shekara goma sha uku ko fiye bayan sakandare. Duk tsawon wannan lokaci tana bukatar uban da bai cire ta daga aji ba, da mijin da ba zai kulle ƙofa ba in an kira ta ƙarfe biyun dare, da uwar mijin da ba za ta ce ta zama 'yar iska ba don tana kwana a waje. Ban san Malam da wannan hali ba, kuma ba na ɗora masa. Amma na san magidanta da dama da ke ɗaga murya sai mace ce za ta duba matansu, alhali 'ya'yansu mata ko aji uku na ƙaramar sakandare ba su gama ba. 'Yar wa suke so ta yi karatun? 'Yar maƙwabci?

Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero misali ce ta abin da ake samu in an bar yarinya ta kai ƙarshe. Tana cikin jagororin wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Abin da suka gwada ba wata na'ura mai tsada ba ce. Leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, ƙasanta a tsuke kamar mazurari, da layukan awo a jiki. Maimakon ungozoma ta dubi zani ta ce ai jinin bai yi yawa ba, sai ta dubi layi. Da ya nufi rabin lita, ba jira: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa, duk a lokaci guda, in ya ƙi a kira likita. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. 'Yar Arewa ce ta tsaya a kan wannan. Amma wa ya koya mata riƙe wuƙa? A fannin da mata suka shigo daga baya, dole na gaba su koyar da na baya, kuma na gaban maza ne. In aka sallame su yau, an rufe ajin da za a yaye matan da Malam ke nema.

Akwai ƙasar da ta gwada haɗa abubuwan biyu, hana mata karatu da hana maza duba mata, mu duba mu gani. A Afghanistan an hana 'yan mata sakandare, a ƙarshen 2022 aka hana su jami'a, a Disamban 2024 aka rufe musu makarantun nas da na ungozoma, alhali a yankuna da dama ba a yarda namiji ya duba mace ba. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda wannan hanya ta nufa. Mu kuwa a nan an gwada akasin haka. Shirin Women for Health, wanda ya fara a 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara waɗanda sakamakonsu bai kai ba, a ba su shekarar share fage, su shiga makarantar nas ko ta ungozoma, da alkawarin za su koma garuruwansu su yi aiki. Da Malam ya karkata alƙalaminsa wajen neman jihohi su riƙe irin wannan da kuɗinsu, da ni ce ta farko da zan sa hannu.

Ba na so a ɗauka ina wanke asibiti tas. Akwai abin kuka, kuma da shi ya kamata Malam ya fara. Na taɓa kwanciya a wani ɗakin awo inda labulen ya yage tun daga sama, masu wucewa a baranda suna ganin ƙafafuna. Likita ya shigo da ɗalibai reras, ba sallama, ba wanda ya tambaye ni ko na yarda, aka yi ta bayani a kaina da Turanci kamar ba na wurin. Na fito ina jin kamar kada in sake komawa. Kuma ba a rasa ɓata-gari a cikin likitoci, kamar yadda ba a rasa su a cikin malaman makaranta da na tsangaya. Amma maganin wannan sananne ne, kuma ba shi da tsada. Kada namiji ya duba mace sai da nas a tsaye. A nemi izininta kafin a shigo da ɗalibi, in ta ce a'a, a'a ɗin ta zauna. A rufe ta, a buɗe inda ake dubawa kaɗai. In akwai likita mace a bakin aiki, a gaya mata tana da zaɓi. A ɗinke labule. Wanda ya ci amana a kai shi gaban majalisar da ke ba likitoci lasisi, tana da kotun ladabtarwa, tana kuma iya soke sunan mutum. Tun 2018 akwai kundin haƙƙin marar lafiya a Najeriya, kuma sirri da mutunci suna ciki. Mutane ne ba su sani ba, su kuma asibitoci ba su damu su sanar ba.

Wani abin da maza ba su cika sani ba, don ba a shiga da su: da yawan matan da suka yi rantsuwa ba za su ƙara haihuwa a asibiti ba, ba likita namiji ne ya kore su ba. 'Yar'uwarsu mace ce ta daka musu tsawa suna tsakiyar naƙuda, ta ce lokacin da ake jin daɗin ai ba a kira ta ba, wata har da mari a cinya. Zama mace bai isa ya sa mutum tausayi ba, musamman in ita kaɗai ce a kan gado goma tun magariba, ba wuta, albashi bai shigo ba. Kuma in aka tambayi matan kansu me ke hana su zuwa asibiti, kamar yadda binciken 2018 ya tambaya, kuɗi ne ke zuwa farko, sai nisa. Kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin safar hannu, kuɗin ledar jini. Gwamnatin tarayya ta yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mabukata a Nuwamban 2024, Nijar kuwa ta riga mu da shekaru masu yawa. Ko shelar ta isa asibitin ƙauyen su Malam, wannan tambaya ce da ta cancanci shafi guda a jarida.

Likitoci suna cewa jinkiri uku ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku laifin hukuma ne, mu yi ta yi mata ihu. Na farko a hannun maigida yake. Shi ake jira ya dawo daga kasuwa, shi ake bugawa waya ba ta shiga, shi zai sa hannu a takardar tiyata. Dama can akwai mazan da ke tsayawa gardama a ƙofar ɗakin aiki suna cewa a ƙara jira ko za ta haihu da kanta. Rubutun Malam ya ƙara musu hujja, kuma ya sa mata rigar addini, wadda ta fi kowace wuyar cirewa.

Saboda haka, Malam, ina roƙonka abu ɗaya. Ka riƙe hujjarka ta farko, mu taru mu nemi a yawaita likitoci mata, a kuma tsare mutuncin wadda ta faɗa hannun namiji. Ta biyu mu bar wa tsofaffi su raba mu. Amma ta ukun nan ka janye ta, a shafin da ka buga ta, da manyan baƙaƙe irin waɗanda ka rubuta ta da su. Ka gaya wa magidanta cewa in an isa asibiti aka tarar namiji ne a bakin aiki, su nemi nas ta tsaya a wurin, su sa hannu, su je su ba da jini.